Darasin Wannan Wata: Mu Koya wa 'Ya'yanmu 'Yan Sakandare Lissafin Kasuwanci

Darasinmu na wannan wata ya shafi duk magidanci da duk uwar da ke da ɗa ko 'ya a makarantar sakandare. Za mu yi misali da ƙasar Taura da maƙwabtanta, wato Ringim da Jahun da Garki, har zuwa Dutse. Amma abin da ke ciki zai amfani kowa, ko a wane gari yake.

A karanta a hankali. Inda aka zo ga lissafi, a ɗauki fensir da takarda a gwada. Wanda ya gama, ya karanta wa maƙwabcinsa.

Manufar darasi

Bayan ka gama karanta wannan darasi, za ka iya:

1. Faɗin abin da gwamnati ta tsara game da koyar da sana'a a sakandare.
2. Bambanta jari da ciniki da riba.
3. Rubuta littafin ciniki, kai da ɗanka.
4. Bambanta koyon kasuwanci da ɗora wa yaro talla.

Ina matsalar take?

Kowace shekara yara masu yawa suna gama sakandare a ƙasar Taura. Kafin su gama, iyaye sun sha wahala. Wani uban ya sayar da buhun gero ya biya kuɗin jarrabawa. Wata uwar ta sayar da akuyarta ta sayi littattafai da kayan makaranta.

Wasu daga cikin yaran nan sukan wuce gaba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011. Akwai Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da manyan makarantun koyon fasaha a Dutse da Haɗeja da Kazaure. Amma ba kowa ke samun gurbi ba. Wanda ma ya samu ya gama, aikin gwamnati ba ya isar kowa.

To, sauran fa? Wasu su zauna a majalisa, daga safe har yamma. Wasu su tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, su dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Yarinya kuwa ta yi aure, ba ta da abin yi a ɗakinta, ko sabulu sai ta roƙa.

Wannan asara ce babba. Yaron da ya yi shekara 12 a makaranta ya iya karatu, ya iya rubutu, ya iya lissafi. Abin da ya rage masa shi ne a nuna masa yadda zai juya wannan ilimi ya zama abin rufin asiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da gwamnati ta tsara

Maganar koyar da sana'a a makaranta ta daɗe. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin ilimi na ƙasa. Daga cikinsa aka sami tsarin nan na 6-3-3-4, wanda ya fara aiki a 1982. Wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a. A ƙaramar sakandare an sa darasin kasuwanci, da na aikin gona, da na kula da gida, da na fasahar hannu.

Niyyar mai kyau ce, amma an sami cikas. An sayo injuna daga ƙasashen Turai aka raba wa makarantu. A wurare da yawa babu wutar lantarki, babu kuma malaman da suka iya aiki da su. Sai injunan suka lalace a cikin akwatunansu.

A 2011 aka fara aiki da wata sabuwar manhaja a babbar sakandare. An kawo sana'o'i 34, aka ce dole kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. A cikinsu akwai kiwon dabbobi, kiwon kifi, ɗinki, rini, aikin fata, walda, girke-girke, ɗaukar hoto da gyaran wayar salula. A 2014 hukumar WAEC ta fara yi wa ɗalibai jarrabawa a kansu.

A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana cewa ta rage sana'o'in zuwa 6, domin a iya koyar da su sosai. A lokacin, Ƙaramar Ministar Ilimi ita ce Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, 'yar Jihar Jigawa. Ga sana'o'in:

1. Haɗa wutar sola da gyaranta.
2. Ɗinki da tsara tufafi.
3. Kiwon dabbobi.
4. Kwalliya da gyaran jiki.
5. Gyaran kwamfuta da wayar salula.
6. Noman lambu da na amfanin gona.

Ku duba da kyau. Duk shidan nan akwai masu buƙatarsu a ƙauyukanmu. Muna da dabbobi. Muna da fadama a gefen kogin Haɗeja. Kusan kowane gida akwai waya, kuma sola ta shigo ƙauye. Ɗinki da lalle kuwa ba sa yankewa, muddin ana biki ana suna.

Iya sana'a daban, iya kasuwanci daban

Ga inda ake yawan yin kuskure. Mutum zai iya zama gwani a sana'arsa, amma kullum yana cikin bashi. Kowa ya san tela mai kyan hannu wanda ba ya iya sayen zare sai ya karɓi kuɗin wani. Kowa ya san mai tireda da ya buɗe da kaya cike, bayan wata shida sai kwalaye.

Me ya jawo haka? Ba su san nawa suka kashe ba. Ba su san nawa suka samu ba. Aljihun gida da na sana'a ɗaya ne. Duk kuɗin da ya shigo sai su ɗauka riba ce, su yi cefane da shi. A haka jari yake karyewa, mutum bai sani ba.

Saboda haka koyon sana'a rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne lissafi da rubutu. A nan ne ɗan sakandare yake da abin da kakansa bai samu ba, wato biro da takarda. In aka haɗa masa sana'ar hannu da lissafin kasuwanci, an ba shi abin da zai riƙe har tsufa.

Kalmomi huɗu da ya kamata kowa ya riƙe

*Jari* shi ne kuɗin da ka fara sana'a da su. Wasu suna cewa uwar kuɗi.

*Ciniki* shi ne dukan kuɗin da ka samu daga sayar da kaya.

*Riba* ita ce abin da ya rage bayan ka cire duk abin da ka kashe daga cikin ciniki.

*Faɗuwa* ita ce in abin da ka kashe ya fi cinikin yawa.

Ga ƙa'idar a taƙaice: ciniki, a ɗebe abin da aka kashe, saura riba. Yanzu bari mu gwada da misali biyu. Kuɗin da za mu ambata na misali ne kawai. Kowa ya sa farashin da ke kasuwarsu.

Misali na ɗaya: zoɓon sha

A ce wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta sami hutu. Mahaifiyarta ta ranta mata Naira 5,000 don ta yi zoɓon sha a gida. Ga abin da ta kashe:

Zoɓo: Naira 1,000
Sukari: Naira 1,800
Citta da kanumfari: Naira 400
Leda: Naira 500
Ƙanƙara: Naira 600
Itace: Naira 300
Jimla: Naira 4,600

Ta sami ƙulli 70. Tana sayar da kowane ƙulli Naira 100. In ba ta rubuta komai ba, za ta ce cinikinta Naira 7,000 ne. Amma ga abin da ya faru. Ƙulli 3 sun fashe. Ƙannenta sun sha 2. Saura 65. Daga ciki an sayi 60 kuɗi hannu, an karɓi 5 bashi.

Cinikinta ke nan Naira 6,500. A ɗebe Naira 4,600, ribarta Naira 1,900. Amma Naira 500 tana hannun masu bashi. Ribar da ke hannunta a ranar Naira 1,400 ce kawai.

Kun ga bambanci? Da ta ɗauki Naira 2,400 ta kashe da sunan riba, da ta ci Naira 1,000 daga cikin jarinta. In ta yi haka sau biyar, jarin ya ƙare. Sai a ce sana'ar ba ta karɓe ta ba, alhali lissafi ne ba a yi ba.

Misali na biyu: kiwon rago

A ce wani ɗalibi ya ɗauki darasin kiwon dabbobi a makaranta. Mahaifinsa ya saya masa ɗan rago a kasuwar Gujungu a kan Naira 60,000, saura wata huɗu Babbar Sallah. Da Sallah ta matso ya sayar da shi Naira 120,000. Abokansa suka ce ya ci riɓi biyu. Shin haka ne? Mu duba littafinsa:

Kuɗin rago: Naira 60,000
Dusa da harawa da ƙowa, wata huɗu: Naira 32,000
Magani da allura: Naira 3,000
Kuɗin mota da la'adar dillali: Naira 3,000
Jimla: Naira 98,000

Naira 120,000, a ɗebe Naira 98,000, saura Naira 22,000. Ita ce ribarsa ta gaskiya. In aka raba ta gida huɗu, ya sami Naira 5,500 a kowane wata.

Ribar ba ta da laifi. Amma littafin ya nuna masa wani abu kuma. Abincin ragon ne ya fi cin kuɗi bayan kuɗin saye. To, da ya tara harawar wake da ta gyaɗa daga gonarsu tun da kaka, da ribarsa ta ƙaru sosai. Wannan shi ne amfanin rubutu. Yana nuna wa mutum inda kuɗinsa suke zurarewa, don baɗi ya toshe wurin.

A lura da wani abu. Harawar da aka ɗebo daga gonar gida ita ma kuɗi ce, domin da an kai ta kasuwa za a saya. Ɗalibi mai hankali zai rubuta ta, ya sa mata farashi, don ya san gaskiyar abin da kiwon ya ci.

Yadda ake rubuta littafin ciniki

Ba a buƙatar wani littafi mai tsada. Littafin rubutu na makaranta ya isa. A ja layi a raba kowane shafi gida biyar:

Gida na 1: Kwanan wata.
Gida na 2: Bayani, wato abin da aka saya ko aka sayar.
Gida na 3: Kuɗin da suka shigo.
Gida na 4: Kuɗin da suka fita.
Gida na 5: Abin da ya rage.

A bayan littafin a ware shafi biyu. Ɗaya na waɗanda ake bi bashi, ɗaya na waɗanda suke bin mai sana'ar. A rubuta suna, da kuɗin, da ranar da aka yi alkawarin biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin da ba a rubuta ba shi ne ke raba zumunci.

Ga dokoki huɗu na littafin:

1. A rubuta a ranar, kada a bari sai gobe.
2. A rubuta komai, ko da Naira 50 ce.
3. Abin da aka ɗauka don amfanin gida, a rubuta shi a gidan kuɗin da suka fita.
4. Kowace Juma'a a ƙirga kuɗin da ke hannu, a gwada da abin da littafi ya ce.

Yadda ake raba riba

In riba ta samu, kada a cinye ta duka. A koya wa yaro ya raba ta kashi uku. Kashi ɗaya ya koma cikin jari, don sana'ar ta girma. Kashi ɗaya a ajiye a asusu ko a zuba adashi, saboda ranar da keken ɗinki zai lalace ko batirin sola zai mutu. Kashi na uku shi ne na buƙatarsa, kamar sabulu da biro da takalmi.

Yaron da ya saba da wannan tun yana da Naira 1,500, ba zai ruɗe ba ranar da ya riƙe Naira 150,000. Da yayyafi kogi kan cika.

Kasuwar Gujungu makaranta ce

Mutanen Taura sun yi sa'a. Kasuwar Gujungu tana cikin ƙasarsu, kuma tana cikin manyan kasuwannin Jihar Jigawa. Tana ci ranar Lahadi, ranar da babu makaranta. Ana kawo hatsi da dabbobi da kayan masarufi, fatake kuma suna zuwa daga nesa.

Uba zai iya tafiya da ɗansa, ya ce ya riƙo littafi. Malami ma zai iya kai ɗalibansa, da izinin shugaban makaranta. Ga abin da yaro zai bincika:

1. Nawa ake sayar da mudun gero, da na wake, da na riɗi yau?
2. Nawa aka sayar da su a makon jiya?
3. Nawa ne bambancin farashin sari da na sayen ɗai-ɗai?
4. Nawa ne kuɗin dako, da na mota, da la'ada?
5. Wane kaya mutane suke nema ba su samu ba?

In yaro ya yi haka daga kaka zuwa bazara, zai ga da idonsa yadda farashi ke sauka lokacin girbi, ya kuma hau in rani ya yi nisa. Zai ga wata shekarar kuma farashin ya ƙi hawa, wanda ya ajiye kaya ya faɗi. Wannan ilimi ne da allo kaɗai ba zai ba shi ba.

Tambaya ta biyar ita ce mafi muhimmanci. Yawancinmu mukan fara sana'a ne don mun ga maƙwabci yana yi. Sai a sami masu cajin waya biyar a layi ɗaya, kowa yana kukan rashin ciniki. Ɗan kasuwa na gari yakan fara tambayar abin da mutane suka rasa, sannan ya kawo shi.

A kuma nuna wa yara inda kayanmu suke zuwa. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noman riɗi da zoɓo a Nijeriya. Yawanci akan kai su kasuwar Dawanau a Kano, daga nan a fitar da su ƙasashen waje. Zoɓonmu yana zuwa har ƙasar Mekziko, inda ake yin abin sha da shi. Dabbobi kuwa suna shigowa daga Jamhuriyar Nijar ta kasuwar Maigatari, mai ci ranar Alhamis, a yi kudu da su. Masu sayen riɗi da zoɓo sun fi son mai tsabta, wanda ba ƙasa ba tsakuwa. Yaron da ya san haka zai gyara kayan gidansu kafin a kai kasuwa, a sami farashi mai kyau.

Ƙaramin kamfani a makaranta

Akwai wata dabara da ake amfani da ita a ƙasashe da yawa. Wata ƙungiya mai suna Junior Achievement ta fara aiki a Amurka a 1919, ta kuma shigo Nijeriya a 1999. Tana sa ɗalibai su kafa ƙaramin kamfani da kansu, su gudanar da shi na 'yan watanni, su ga yadda ake yi.

Ba sai mun jira wata ƙungiya ba. Kowace makaranta za ta iya gwadawa. A ce ɗalibai 20 kowa ya kawo Naira 500. An sami jarin Naira 10,000. Abin da kowa ya zuba shi ne hannun jarinsa. Sai su zaɓi shugaba, da ma'aji, da magatakarda mai riƙe littafi. Malami ɗaya ya zama mai sa ido, amma kada ya riƙe kuɗin shi kaɗai.

Za su iya yin sabulun ruwa, ko man shafawa, ko lambun alayyafo da latas a bayan aji, ko renon itatuwan dashe. A ƙarshen zangon karatu, magatakarda ya karanta lissafi a gaban kowa. In an ci riba a raba daidai da hannun jari. In an faɗi, a zauna a binciki dalili. Faɗuwar Naira 200 a makaranta darasi ne mai araha.

A irin wannan aiki yara suna koyon riƙon amana, da shawara, da magana a gaban jama'a. Wannan ya shafi mata kamar yadda ya shafi maza. Tun a farkon shekarun 1980, zamanin tsohuwar Jihar Kano, aka buɗe makarantar sakandaren kimiyya ta 'yan mata a Taura. Yarinyar da ta iya lissafin kimiyya, lissafin jari da riba ba zai gagare ta ba.

Gadonmu ne

Kada wani ya ɗauka kasuwanci baƙon abu ne da boko ya kawo. Kakanninmu sun yi fatauci zuwa Gwanja, suna kai kanwa da tufafi, suna sayo goro. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara da ƙaramin ciniki tun yana almajiri. Daga baya ya shiga fataucin goro, sannan sayen gyaɗa. Kafin rasuwarsa a 1955 ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. An san shi da tattali da cika alkawari.

Har gobe a kasuwannin Kano, irin su Kurmi da Kantin Kwari, yaro yakan zauna da ubangidansa shekaru yana koyon ciniki. In ya nuna amana, ubangidan ya ba shi jari ya sallame shi. Wannan tsari ne mai kyau. Abin da makaranta za ta ƙara a kai shi ne rubutu da lissafi a takarda.

Amana ita ce babban jari. Mai cika mudu, mai faɗin aibin kayansa, mai gama ɗinki a ranar da ya ce, shi ne mai ciniki gobe. Wanda ya zuba tsakuwa a riɗi ya ci riba sau ɗaya, ya kori mai saye har abada.

Hattara: koyon kasuwanci ba talla ba ne

A nan sai mu yi wa juna gaskiya. Wani zai karanta wannan darasi ya ce, to, ai ni tuni 'yata tana talla. Wannan daban, abin da muke faɗa daban.

Yarinyar da aka ɗora wa faranti da safe, lokacin da 'yan'uwanta suke aji, an tauye mata karatu. Tana yawo a tasha da bakin titi, inda akwai haɗarin mota da na mutanen banza. Kuɗin ba nata ba ne, ba ta san jari ba, ba ta san riba ba. In ta dawo da saura a yi mata faɗa. Abin da ta koya kaɗan ne, abin da ta rasa kuwa mai yawa ne.

Ga alamun koyon kasuwanci na gari:

1. Ba ya cin lokacin makaranta, ko na Islamiyya, ko na bitar karatu.
2. Ana yin sa a gida, ko a makaranta, ko a shagon wanda iyaye suka amince da shi.
3. Yaron ne yake riƙe littafi, kuma ya san jari da riba.
4. Yana da rabo a cikin ribar.
5. In jarrabawa ta matso, a dakata har a gama.

In ka ga sakamakon ɗanka ya fara ja da baya saboda sana'a, ka rage sana'ar. Zaƙin kuɗi yakan ja yaro ya bar makaranta. Wanda ya bar karatu a aji huɗu saboda ribar Naira 2,000 ya yi cinikin faɗuwa.

Aikin kowa

*Iyaye maza:* Ku tambayi ɗanku wace sana'a yake ɗauka a makaranta. Ku ba shi ɗan jari daidai ƙarfinku, ko kaza biyu ce, ko kunya goma a gona. Ku ce rance ne, zai biya. Ran Juma'a ku duba littafinsa tare. Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunka zai yi maka rana.

*Iyaye mata:* Yawancinku kuna da sana'a a cikin gida, kamar ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, saƙa ko kiwo. Ku sa 'yarku ta riƙa rubuta muku lissafi. Ita za ta koya, ku kuma za ku san gaskiyar ribarku.

*Malamai:* Sana'a ba ta koyuwa a kan allo kawai. Inda babu kayan aiki, a nemi tela ko mai gyaran waya ko ma'aikacin gona na garin, ya zo ya nuna wa yara. A darasin lissafi a riƙa yin misali da mudu da buhu da Naira.

*Ƙungiyar iyaye da malamai:* Ku sa wannan magana cikin taronku na gaba. Ku tambayi shugaban makaranta wace sana'a ake koyarwa, wa ke koyar da ita, kuma me ya rasa. Abin da ya fi ƙarfinku ku rubuta wa ofishin ilimi na yanki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

*Masu sana'a da 'yan kasuwa:* Ku karɓi yaro ɗaya ko biyu lokacin dogon hutu. Ku nuna musu aikin, ku nuna musu lissafin, kada su ƙare a aike da shara kawai.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ciniki da riba?
2. Faɗi sana'o'i 3 daga cikin 6 da aka bayyana a 2025.
3. A misalin zoɓo, nawa ce ribar da ke hannun ɗalibar a ranar? Me ya sa ba ta kai Naira 1,900 ba?
4. Wani ɗalibi ya sayi kaji 4, kowace Naira 3,000. Ya kashe Naira 4,000 a abinci da magani. Ɗaya ta mutu. Ya sayar da sauran, kowace Naira 6,000. Riba ya ci ko faɗuwa ya yi? Nawa?
5. Kawo abubuwa 2 da suka raba talla da koyon kasuwanci.

Aikin yi a wannan wata

Ka sami littafin rubutu guda ɗaya. Ka zauna da ɗanka ko 'yarka ku ja layukan nan biyar. Ku zaɓi sana'a ɗaya da ake yi a gidanku, ku rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita har kwana 30. Ranar da wata ya cika, ku fitar da riba ko faɗuwa. Ka kai littafin ajinku, ku gwada da na sauran ɗalibai, malaminku ya duba muku.

Allah ya sa wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su abin yi na halal. Sai mun haɗu a darasi na gaba.